Darasi: Akwatin shuka daga tsohon katako

Jama'ar sansani, filin da ke bayan ɗakunanmu ƙarami ne, ƙasar ta yi tauri, ga kuma awaki. Duk da haka, akwatin katako ɗaya zai ba mu ganyen miya a ƙofar ɗaki, ba sai mun sayar da rabon hatsinmu don cefane ba.

Katakon da ya fi sauƙin samu shi ne wanda ake jera buhuna a kai a sito. Mu nemi izinin mai kula da sito kafin mu ɗauka. Kada mu shiga daji saran itace, domin yana jawo rigima da mutanen gari, yana kuma jefa mata da yara cikin haɗari.

Mu fara da duba hatimin da ke gefen katakon. Idan an rubuta HT, da zafi aka kashe ƙwarin cikinsa, ba shi da illa. Idan an rubuta MB, hayaƙin guba aka sa masa: kada mu shuka abinci a ciki, kada mu yi girki da shi. Haka ma wanda mai ko magani ya zuba a kansa.

Ga yadda ake yi:

1. Mu ɓalle allunan da guduma, mu cire tsofaffin ƙusoshi mu miƙar da su.
2. Mu yanka da zarto: tsawo santimita 100, faɗi 50, zurfi 25.
3. Mu haɗa gefe huɗu, mu buga gindi, mu bar 'yar tazara tsakanin alluna don ruwa ya tsiyaye.
4. Mu shimfiɗa tsohon buhu a ciki, mu huhhuda shi.
5. Mu ɗora akwatin a kan duwatsu saboda gara.
6. Mu zuba ƙasa kashi biyu, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, yashi kashi ɗaya.

Alayyahu, yakuwa da latas suna yi sosai a wannan zurfin. Cikin kamar mako huɗu za mu fara yankar alayyahu. Ruwan wankin hatsi ya isa ban ruwa, in dai babu sabulu a ciki.

Mu tsince duk ƙusar da ta faɗi, yaranmu ba takalmi suke yawo. Wanda ƙusa ta soke, a wanke wurin da ruwa da sabulu, a kai shi asibitin sansani a ranar, saboda ciwon tetanas mai sandarar da jiki.

Wanda yake da zarto ya ara wa maƙwabci. In mun gama namu, mu haɗa wa tsofaffi da iyayen marayu nasu.