Jemagen Dutsen Afi da Aka Daɗe Ana Nema

'Yan'uwa ɗalibai, darasinmu na wannan mako a kan jemage ne, amma ba wanda muka saba gani da magariba yana ɓarnar mangwaro ba. Wancan ɗan itace yake ci, idanunsa manya. Na yau ɗan ƙarami ne mai gajeriyar wutsiya, abincinsa ƙwari, masana suna kiransa Hipposideros curtus.

Tun 1921 aka san shi a Kamaru, daga baya a tsibirin Biyoko. Sai aka shafe shekara 45 ba wanda ya gan shi a daji, har wasu suka fara fid da rai. A 2016 wata masaniya 'yar Nijeriya, Iroro Tanshi, ta gano shi a gandun dajin Dutsen Afi, Jihar Kuros Riba. Aikin kare shi ya sa ta samu lambar yabo ta Whitley a 2021.

Abin mamakin yana fuskarsa. A kan hancinsa akwai wata fata mai kama da ganye. Ta hanci yake fitar da ƙara siririya wadda kunnenmu ba ya iya ji, fatar kuma ita ke saita ta gaba. Idan ƙarar ta bugi ƙwaro sai ta dawo masa kamar amsa-kuwwa, nan take ya gane nisan ƙwaron da inda ya nufa, ya cafke shi cikin baƙin duhu. Masu cewa jemage makaho ne su gyara: yana gani, kunne ne dai ya fi masa amfani. Kuma ba tsuntsu ba ne, haihuwa yake yi, uwa ta shayar da ɗanta nono.

Da rana a kogon dutse yake kwana, da dare ya fita farauta cikin kurmi mai duhuwa. Ba kowane kogo yake karɓa ba, shi ya sa yake da wuyar samu. Mafarauta kan shiga koguna neman manyan jemagu, hayaniyarsu ta tarwatsa ƙananan. Wadda ta fi muni ita ce gobarar rani: manomi ya cinna wa gonarsa wuta don shara, iska ta kwashe ta zuwa kurmi, bishiyoyi su ƙone, ƙwarin da jemagen ke ci su ragu. Saboda haka Tanshi da abokan aikinta suka horar da mutanen ƙauyukan da ke kewaye da dutsen, suna sa ido kan ranakun da ciyawa ta bushe ƙayau, su gargaɗi manoma kada a kunna wuta a irin waɗannan ranaku.