Hazo Da Tururin Ruwa A Bakin Tafkin Kainji

Mutane da yawa, in sun ga gari ya yi fari da asuba a watan Janairu, sai su ce hazo ne kawai. To, wanda ya taɓa bin kwarin rafi da ƙafa a ƙasar Ngaski, ya gangara wajen Wara, ya san abu biyu ne suke haɗuwa.

Hazo dai ƙura ce. Iskar hunturu ke ɗebo ta daga Hamada, mafi yawa daga wani ƙeƙasasshen kwari a ƙasar Cadi mai suna Bodele. Shi ke fasa leɓe da kaushin ƙafa, kuma yakan wuni bai tashi ba. Ɗayan kuwa tururi ne. Da dare ƙasa takan huce da sauri, amma ruwan tafki yana riƙe da ɗuminsa. Iska mai sanyi ta fi nauyi, saboda haka sai ta gangara ta kwanta cikin kwari, in ta taɓa ruwan sai tururi ya tashi kamar an buɗe tukunya. Shafa rigarka: in ka ji danshi, tururi ne. Kafin hantsi ya watse.

Abin mamaki, a wannan lokaci na rani ne tafkin yake cike. Ruwan da aka yi a duwatsun Gini tun da damina, sai ya yi watanni a hanya kafin Kogin Kwara ya kawo shi Yauri. Shi ake kira baƙin ruwa.

Ni a ganina tafiya cikin irin wannan duhu ta fi koyarwa, domin ido ba ya cin nisa, tilas kunne da hanci su yi aiki. Za ka ji zabin daji suna tsere cikin busasshen ganye ba ka gan su ba. Za ka ji ƙamshin furen kaɗanya, ka taka 'ya'yan kanya da birai suka zubar. Gurjiya kuwa ba ganye ko ɗaya, sai jan fure. Can gaba kana jin masunta suna buga filafili, murya tana zuwa kamar daga sama. Dattawan Gungawa in sun nuna tsakiyar ruwa, garuruwansu suke nunawa, waɗanda tafkin ya cinye bayan an gama madatsar Kainji a 1968, aka tashi mutane fiye da 40,000.

Sai dai ɗalibi kada ya shiga shi kaɗai. Akwai dorina a gaɓa, kuma tun da aka sace 'yan makaranta a Birnin Yauri a 2021, malamai ba sa yarda a yi nisa sai da izini da ɗan gari mai ja gaba. Wani abin baƙin ciki kuma, a wasu kwaruruwan ƙanshin da ke fara tarbarka da safe na ramin gawayi ne, kirya da marke ke ci a ciki.