Gyaran Salsala Ba Tonon Asiri Ba Ne



Wani ɗalibi ya tambaye ni: a salsalar gidansu da aka ɗora a intanet, an jingina kakansa ga baffan da ya riƙe shi, ba ga mahaifinsa ba. Shin ya yi shiru don gudun ɓacin ran dangi?

A'a, a gyara. An daɗe ana kiran Zaidu bin Harisa (RA) da Zaidu bin Muhammad, har aya ta 5 ta Suratul Ahzab ta sauka, aka mayar da shi ga ubansa. In ba a bar wa Manzon Allah (SAW) wannan ba, wa za a bar wa?

Riƙo alheri ne, amma ba ya canza nasaba. Da nasaba ake raba gado, da ita ake sanin waliyyin aure. Kuskuren da aka ƙyale yau, gobe jikoki za su kafa hujja da shi.

Amma fa kar ka yi gaggawa. Ka fara tabbatarwa wajen dattawan gidan, musamman tsofaffin mata. Sannan ka samu wanda ya rubuta a keɓe, ban da kunyatarwa. Mariƙin kuma kar a goge sunansa, a rubuta cewa riƙo ya yi.

Allah Ya jiƙan magabatanmu. Wallahu a'alam.