Kafin Ka Tayar da Jirginka a Fadamar Nguru

Ɗana, na ji an ba ku ƙaramin jirgi maras matuƙi domin ƙidayar tsuntsaye a fadamun Haɗeja da Nguru. Allah ya sanya albarka. Duk wanda ya taɓa tsayawa cikin kwale-kwale yana ƙirga kirinjijiya, ga kacalla ta tare masa gaba, ga tsuntsayen ba sa zama wuri ɗaya, ya san rabin lissafin kintace ne. Hoto daga sama kuwa sai ka koma ɗaki ka ƙirga a tsanake, wani ma ya zo ya sake ƙirgawa. A wani nazari da aka wallafa a 2018, masu bincike na Jami'ar Adelaide da ke Ostareliya sun jera tsuntsayen roba waɗanda suka san adadinsu, aka gwada, ƙidayar hoton jirgi ta fi ta mutanen ƙasa dacewa.

Sai dai tsuntsun roba ba ya jin tsoro. Shi mai rai, duk abin da ya sauko masa ta ka, shaho ne a wurinsa. Don haka ka tayar da jirgin daga nesa, ka ɗaga shi sama sosai, ka tunkari tsuntsayen ta gefe a hankali. In ka ga sun bar kiwo sun miƙe wuya, ka matso da yawa ke nan. Ja da baya ko hoton bai samu ba. Baƙin tsuntsayen da ke sauka fadamar Dagona da hunturu Sahara suka ƙetaro daga Turai, kitsen da suke tarawa a nan shi ne guzurinsu na komawa. Duk tashin banza da ka sa su, cikin guzurin ka ɗiba. A 2021 irin wannan jirgi ya faɗi a Bolsa Chica ta jihar Kalifoniya, tsuntsayen teku suka watse suka bar ƙwai sama da 1,000. Wannan labari yana ci mini rai har yau.

Takardar izini ta hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, da ta ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, kar ka fita babu su.

Amma akwai izinin da ba ya cikin takarda. Ka fara sauka wurin bulama da sarkin ruwa, ka gaishe su, ka buɗe akwatin jirgin su ga abin da idonsu. Tsakar gidanmu a buɗe take ta sama, akwai iyalin mutane a ciki, kar jirginka ya ratsa ta kan gidan kowa. Idan ka buga hotunan, ka zauna da masunta ku duba tare. Hoto zai nuna maka inda kacalla ta toshe hanyar ruwan Marma. Su za su gaya maka shekarar da ta fara, da kifin da ya ɓace bayanta.

Don Allah, ɗana, ka rubuta abin da suka faɗa maka a rahotonka, ka kuma mayar musu da kwafi da Hausa.