SATALAYIT KO KEBUL: LISSAFIN DA YA KAMATA MAGIDANCI YA YI

A ranar 1 ga watan Maris na 2025, kamfanin MultiChoice ya ƙara kuɗin kallon tashoshinsa na DStv a Nijeriya. Babban rukunin da ake kira Premium ya tashi daga Naira 37,000 zuwa Naira 44,500 a wata, shi kuwa rukunin Compact ya tashi daga Naira 15,700 zuwa Naira 19,000. In aka gwada wannan da mafi ƙarancin albashi na ƙasa, watau Naira 70,000 da aka sa wa hannu a watan Yuli na 2024, za a tarar babban rukunin kaɗai yana iya lashe fiye da kashi 60 cikin 100 na albashin ƙaramin ma'aikaci.

Saboda haka zaɓen hanyar da hotuna za su riƙa shigowa cikin akwatin talabijin ya wuce sha'anin nishaɗi, ya shiga cikin kasafin kuɗin gida, tare da kuɗin haya da na makaranta da na cefane. Kuskuren da akasarin masu saye kan yi shi ne duban farashin na'ura a kanti kurum. Na'ura sau ɗaya ake sayenta, amma kuɗin wata ba ya ƙarewa.

Yadda Kasuwar Ta Faro

An buɗe gidan talabijin na farko a Nijeriya a Ibadan cikin 1959, na Kaduna ya biyo baya a 1962, sa'an nan aka tattara gidajen a ƙarƙashin hukumar NTA da dokar soja ta 1977. Harkar ta zauna a hannun gwamnati har zuwa 1992, lokacin da Dokar Soja mai lamba 38 ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Rediyo da Talabijin ta Ƙasa, watau NBC, ta kuma ba 'yan kasuwa damar neman lasin.

Daga nan ne kamfanonin da jama'a suka laƙaba wa suna "kebul" suka yaɗu a manyan birane, irin su ABG a Kaduna. MultiChoice ya shigo Nijeriya a 1993, aka ƙaddamar da DStv a 1995. StarTimes, wanda haɗin gwiwa ne tsakanin wani kamfanin ƙasar Sin da NTA, ya fara aiki a 2010, MultiChoice kuma ya fito da GOtv a 2011 domin masu ƙaramin ƙarfi.

Bambancin Hanyoyin

Hanya ta farko ita ce satalayit. Tauraron ɗan'adam da ke watso shirye-shirye yana can sama da tsakiyar duniya, nisan kimanin kilomita 35,786, yana zagayawa daidai da juyawar ƙasa. Shi ya sa ake ganinsa kamar a tsaye yake wuri ɗaya, kuma in an saita faranti sau ɗaya ba sai an sake motsa shi ba. A shekarun 1990 manyan farantai ake kafawa, masu faɗin mita 2 zuwa 3, domin zangon da ake kira C. Daga baya zangon Ku ya sa farantin ya ƙanƙance zuwa santimita 60 ko 90. Masu kallon DStv a Nijeriya suna kamo shi ne daga tauraron Eutelsat da ke digiri 36 gabas, abin da ya sa ake ganin farantansu sun fuskanci gabas.

Hanya ta biyu ita ce kebul, kuma a nan ake yawan samun ruɗani. Ainihin kebul waya ce da kamfani ke jawowa daga cibiyarsa har cikin ɗakin mai kallo, kamar yadda aka fara a Amurka tun ƙarshen shekarun 1940. Irin wannan bai taɓa yaɗuwa a Nijeriya ba, in ban da manyan otal-otal da wasu rukunonin gidaje, domin shimfiɗa waya titi-titi na cin jari mai yawa. Abin da aka saba kira kebul a nan shi ne kamfani ya kamo tashoshi da manyan farantansa, sa'an nan ya sake watsa su ta iska daga wata doguwar hasumiya, masu biya su kama da eriya da dikoda. GOtv da sashen eriya na StarTimes duk a kan wannan tsari na hasumiya suke, sai dai da fasahar dijital.

Hanya ta uku ita ce tashoshin kyauta. Da faranti da risiba, mutum na iya kamo tashoshi masu yawa na labarai da addini da nishaɗi ba tare da biyan ko kwabo a wata ba. Haka nan akwai shirin gwamnati na sauya watsa shirye-shirye zuwa dijital, wanda aka fi sani da FreeTV. Nijeriya ba ta cika wa'adin ƙasashen duniya na 17 ga Yuni, 2015 ba. An fara gwajin shirin a Jos a watan Afrilu na 2016, Abuja ta biyo baya a Disamba na shekarar, Legas da Kano kuma a 2021. Da yake mataki-mataki aka bi, wajibi ne mai saye ya tabbatar yana aiki a garinsu.

Hanya ta huɗu ita ce kallo ta intanet. Tana ba mai kallo damar zaɓen abin da yake so a lokacin da yake so, amma sau biyu ake biya: kuɗin kamfanin fina-finai da kuɗin data.

Wurin Zama Ne Ke Fara Yanke Hukunci

Kafin a yi maganar farashi, sai an dubi inda gidan yake. Eriya tana aiki ne gwargwadon kusancinta da hasumiyar kamfani. Wanda ke cikin babban birni zai iya samun hoto tangararan da 'yar ƙaramar eriya, amma wanda ke ƙauye mai nisa, ko bayan dutse, ko cikin kwari, zai iya sayen dikoda ya tarar babu komai. Tsarin dijital ba ya yin dishi-dishi irin na da. Ko dai hoto ya fito sarai, ko ya daskare, ko ya ɗauke ɗungum. Don haka sayen dikodar eriya ba tare da an leƙa gidan maƙwabcin da ke amfani da irinta ba, cinikin biri ne a sama.

Faranti kuwa ba ruwansa da nisan birni. Muddin babu bishiya ko bene da ya tare shi daga sararin da tauraron yake, zai kama a Badagiri kamar yadda zai kama a Gashuwa. Rauninsa shi ne ruwan sama. Ɗigon ruwa mai ƙarfi yana raunana saƙon zangon Ku, sai hoto ya ɗauke har hadari ya wuce. Wannan matsala ta fi damun mazauna Fatakwal da Kalaba da Warri, inda damina ke da tsawo, fiye da mazauna arewacin ƙasar. Maganinta shi ne faranti mai ɗan faɗi da ƙwararren mai saiti, domin farantin da aka ɗaure sakwa-sakwa iskar farkon damina kan karkatar da shi.

Mai zaman haya kuma yana da nasa lissafin. Eriya ana cire ta a tafi da ita cikin sauƙi, amma faranti sai an huda bango ko rufi, sai da yardar mai gida, kuma duk tashi sai an sake biyan mai saiti.

Me Gidan Ke Kallo?

Kamfanoni kan yi talla da yawan tashoshi, amma gida ba ya kallon tashoshi 100. In magidanci ya zauna da iyalinsa suka rubuta tashoshin da suke buɗewa a mako, da wuya su wuce goma. Wannan jerin shi ne ma'auni. Sai a nemi rukuni mafi arha da ya ƙunshe su, a bar sauran.

Abin da ya fi tsadar da rukuni shi ne wasannin ƙwallon ƙafa na Turai kai tsaye da sababbin fina-finan waje, domin kamfani da kuɗin ƙasashen waje yake sayen izinin nuna su. Gidan da ba ya damu da ƙwallo ba, amma yake biyan rukunin ƙwallo, yana tallafa wa masu kallon ƙwallo ne da aljihunsa. Shirye-shiryen harsunan gida kuwa ba sa bukatar babban rukuni. An buɗe tashoshin Africa Magic na Hausa da na Yarbanci a 2010, Arewa24 kuma ta fara aiki a 2014, kuma irin waɗannan akan same su a ƙananan rukunoni. Labarai da wa'azi da yawansu a kyauta suke.

Lissafin Shekara Da Na Awa

Hanyar da ta fi dacewa a kwatanta kamfani da kamfani ita ce a haɗa kuɗin na'ura da na mai saiti da kuɗin wata sau 12. Bisa farashin Maris na 2025, Premium ya kama Naira 534,000 a shekara, Compact kuma Naira 228,000. A gaban irin waɗannan alƙaluma, rangwamen da ake yi wa dikoda a lokacin talla ba wani abu ba ne. Kamfani kan sayar da na'ura da arha ne domin ya san a kuɗin wata zai fanshe, kuma dikodar wani kamfani ba ta buɗe tashoshin wani.

Bayan wannan sai lissafin wutar lantarki, wanda mutane da yawa ke mantawa da shi. Kuɗin wata kwanaki yake ƙirgawa, ko an kalla ko ba a kalla ba. Alal misali, gidan da ya biya Naira 19,000 yake kallon awa 5 kullum, ya sami awa 150 a wata, kowace awa ta kama kimanin Naira 127. In kuwa rashin wuta ya rage kallon zuwa awa 2 a rana, awa 60 ke nan, kowace awa ta koma kimanin Naira 317. In an ta da janareta, sai a ɗora kuɗin mai a kai. Wannan ne ya sa batun biyan iya abin da aka kalla ya sha zuwa gaban Majalisar Tarayya. StarTimes ya fito da tsarin biyan kuɗin rana da na mako, wanda ya dace da mai samun kuɗi kullum-kullum ko matafiyi, ko da yake in aka tara na kwana 30 yakan zarce na wata.

Farashi Ba Ya Tsayawa

Mai shiga wannan harka ya sani cewa farashin da ya tarar ba shi ne zai dawwama ba. MultiChoice ya yi ƙari sau huɗu tsakanin Mayu na 2023 da Maris na 2025, inda Premium ya tashi daga Naira 21,000 zuwa Naira 44,500, watau ya ninka har da ɗoriya. Kamfanin ya danganta hakan da tsadar gudanarwa. A daidai wannan lokaci ne darajar Naira ta faɗi daga kimanin 460 a kan Dala ɗaya a farashin hukuma zuwa kimanin 1,500, bayan sakin kasuwar canji a Yuni na 2023.

Hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta ƙalubalanci ƙarin na 2025, amma a watan Mayu na shekarar Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta bayyana cewa hukumar ba ta da ikon ƙayyade farashi sai da izinin Shugaban Ƙasa. Ma'anar wannan ga mai saye ita ce babban makaminsa shi ne ya sauka zuwa ƙaramin rukuni ko ya sauya kamfani. Da yawa sun yi hakan: rahotannin kamfanin sun nuna ya rasa masu biya kimanin miliyan 1.4 a Nijeriya tsakanin Maris na 2023 da Maris na 2025.

Sai dai sauya kamfani ma yana bukatar lura. HiTV, kamfanin 'yan ƙasa da ya fara aiki a 2007 ya kuma karɓe izinin nuna gasar Firimiya ta Ingila, ya durƙushe a 2011, ya bar masu biyansa da dikodojin da ba su da sauran amfani. Darasin shi ne kada a biya sabon kamfani kuɗin watanni da yawa gaba ɗaya, komai daɗin rangwamensa, kuma a tabbatar yana da lasin NBC da ofishin da za a iya kai ƙorafi.

Haka nan a guji masu jan waya gida-gida daga dikoda ɗaya ba tare da lasi ba, da masu sayar da na'urorin da ke buɗe tashoshin biya ta bayan fage. Wannan keta dokar haƙƙin mallaka ne, kuma ranar da aka toshe hanyar, mai saye ba shi da inda zai kai kuka. Araha ba ta ado. Masu gidajen kallo da otal-otal kuwa su sani cewa kuɗin kallon gida daban yake da na kasuwanci.

A Taƙaice

Mazaunin birni da ke kusa da hasumiya, wanda bukatarsa labarai ce da fina-finan gida da shirye-shiryen yara, eriya ta ishe shi. Mazaunin karkara ba shi da zaɓin da ya wuce faranti, kuma yana iya farawa da tashoshin kyauta. Mai son ƙwallon Turai kai tsaye zai biya da tsada, amma yana iya sauka zuwa ƙaramin rukuni a watannin Yuni da Yuli, lokacin da manyan gasannin ƙungiyoyin Turai ke hutu. Wasu gidajen kan haɗa biyu: risibar kyauta domin kullum, dikodar biya kuma sai watan da aljihu ya yarda.

Kowace hanya aka zaɓa, tambayoyi uku ne ke gaba da saye: shin tana kamawa a gidan, shin ta ƙunshi abin da iyali ke kallo, kuma nawa za ta ci a shekara idan aka auna da awoyin da ake samun wuta. Magidancin da ya amsa su a kan takarda kafin ya je kanti, shi ne zai yi daidai ruwa daidai tsaki.