Bulgeriya a Gasar Kwidic: Darasi Daga Idon Shaho

Gabatarwa

Kwidic wasa ne na ƙage wanda marubuciyar nan ta Birtaniya, J. K. Rowling, ta ƙirƙiro cikin littattafanta na Harry Potter. Masu sihiri ne ke yin sa a sararin sama bisa tsintsiya, mutum bakwai-bakwai. Mai karatu zai iya tambaya, me ya haɗa ilimin halittu da wannan almara? Amsar tana cikin tarihin ƙungiyar Bulgeriya.

Tarihin Ƙungiyar

A littafi na huɗu, wanda ya fito a 2000, an ba da labarin wasan ƙarshe na gasar duniya ta 1994, inda Bulgeriya ta kara da Ayalan. Kowace ƙungiya tana da mafarauci ɗaya, aikinsa shi ne cafke wata 'yar ƙwallon zinariya mai fukafukai. Wanda ya kama ta ya ciwo maki 150, wasa kuma ya tashi. Mafaraucin Bulgeriya, Viktor Krum, shi ya kama ta, amma Ayalan ta riga ta yi nisa, sai aka tashi 170 da 160. A 2014 marubuciyar ta sake tsara wata gasar a ƙasar Ajantina. A nan Nijeriya ta doke Fiji, Japan kuma ta fitar da ita a zagayen kusa da na kusa da na ƙarshe. Bulgeriya ce ta ɗauki kofi bayan ta doke Birazil da ci 170 da 60, Krum ne kuma ya sake kamun.

Ashe ke nan ƙarfin wannan ƙungiya ya rataya ne bisa gwaninta guda: kama ƙaramin abu mai gudu a cikin iska. Wannan kuwa aiki ne da wasu tsuntsaye ke yi kullum domin neman abinci.

Dabarar Shaho

Shahon da masana ke kira Falco peregrinus yakan sulalo daga sama da gudun da ya haura kilomita 300 a sa'a guda. A 2017 masana a Jami'ar Oxford suka ɗaura wa irin waɗannan shahuna na'urorin ɗaukar hoto da na gane wuri. Suka gano cewa shaho yana lura ne da layin da ke tsakanin idonsa da abin farauta. In layin ya goce, sai ya juya gwargwadon saurin gocewar, har ya daidaita. Muddin layin bai motsa ba, tazara kuma tana raguwa, to haɗuwa ta tabbata. Da wannan ƙa'ida ce makamai masu linzami ke cim ma abin da aka harba su gare shi.

Bugu da ƙari, idonsa ya fi namu sauri. Fitila mai ƙiftawa sau 50 zuwa 60 a daƙiƙa, ɗan Adam yakan gan ta kamar a kunne take kawai. Bincike a Jami'ar Lund ta Suwidin ya nuna wannan shaho yana rarrabe ƙiftawa har sau 129.

Iyakar Ɗan Adam

A wasan 1994, Krum ya sulalo ƙasa kamar ya hango ƙwallon, mafaraucin Ayalan ya biyo shi. Krum ya kauce, shi kuwa ya daki ƙasa. A nan almara ba ta saɓa wa kimiyya ba. Tsakanin ganin abu da motsa hannu, mutum yana buƙatar kimanin rubu'in daƙiƙa. Mai gudun kilomita 300 a sa'a yana cin fiye da mita 20 cikin wannan ɗan lokaci, tun kafin ya fara juyawa.

Kammalawa

Darasin bai tsaya ga tsuntsu ba. Direban da ya doshi mararraba, in ya ga wata mota daga gefe tana ƙara girma amma ba ta gusawa daga wuri guda a gilashinsa, to ya sani kan hanyar karo suke. Ya rage gudu nan take. Haɗarin shi ne, idon mutum ya fi saurin lura da abin da ke gusawa, don haka motar da za ta buge shi ita ce mafi wuyar gani. Ƙa'idar da shaho ke kamu da ita, da ita ce mu za mu kauce.