Mota Ɗaya Ba Komai, Amma In Sun Taru Fa?

Darasinmu na wannan makon a kan ƙura da ƙara ne, kuma daga ƙasar Amurka za mu ɗauko misali.

Ina ne wurin?

A jihar Kalifoniya, a bakin tekun Pasifik, akwai wani fili mai tuddan yashi da ake kira Oceano Dunes. Gwamnatin jihar ce ke kula da shi. An ware wani ɓangarensa don masu wasa da ababen hawa, kamar babura da motoci masu manyan tayoyi da ƙananan motocin da ake hawa kamar babur. Babu kwalta a wurin, a kan yashi ake gudu. Mutane suna zuwa da iyalansu, su kafa tanti su kwana, su hau tudu su gangaro.

Idan ka tambayi mai mota ɗaya, zai ce maka shi bai cuci kowa ba. Wataƙila ma gaskiyarsa ne. Amma Hausawa sun ce da yayyafi kogi ke cika. Motoci masu yawa ne suke bin wuri ɗaya shekara da shekaru, don haka illarsu taruwa take yi.

Yadda ƙura ke taruwa

Ciyawa da ƙananan itatuwa su ne suke riƙe yashi. Duk tayar da ta wuce tana tattake su, tana kuma farfasa saman ƙasar. Idan aka maimaita haka kullum, wurin zai zama fayau. Sai iska ta taso daga teku ta kwashi ƙurar zuwa wani tudu mai suna Nipomo Mesa, inda mutane suke da gidaje. Ko motocin sun tafi, ƙurar ba ta daina tashi, saboda an riga an lalata abin da ke riƙe ta.

Masana suna kiran wannan ƙura PM10, wato ƙwayoyin da faɗinsu bai wuce maikromita 10 ba. A cikin milimita ɗaya da ke kan rularka akwai maikromita 1,000. Silin gashin mutum ma ya fi irin wannan ƙwaya kauri sau da yawa. Saboda ƙanƙantarta takan wuce hanci ta gangara cikin ƙirji. Ta fi cutar da yara da tsofaffi da masu asma. Mu da muka san hazon hunturu mun san yadda ƙura ke sa tari da mura.

Yadda ƙara ke taruwa

Ana auna ƙarfin sauti da desibel. Hirar mutum biyu takan kai kamar desibel 60. Idan ƙara ta kai 85 kuma mutum yana shafe awa 8 a cikinta kullum, jinsa zai iya lalacewa.

Lissafin desibel ya bambanta da tarawar da muka saba. A ce babur ɗaya yana ba da 85. Idan suka zama biyu, ba 170 za a samu ba, 88 ne. Idan huɗu ne, 91. Kada ka ce ai ƙarin kaɗan ne. Duk ƙarin desibel 3 yana rage rabin lokacin da kunne zai iya jurewa. Ke nan a 85 awa 8 ne, a 88 awa 4, a 91 kuma awa 2 kacal.

Ba mutane kaɗai abin ya shafa ba. Akwai wasu ƙananan tsuntsayen bakin teku da suka yi ƙaranci, waɗanda suke yin ƙwai a kan yashin wurin. Shi ya sa ake killace musu wani yanki a lokacin ƙyanƙyasa.

Taƙaddamar da aka yi

A 2011 hukumar kula da tsabtar iska ta yankin ta kafa doka a kan ƙurar. A 2018 aka yi yarjejeniya cewa za a rage ta da rabi. Aka kakkafa shingayen tare iska, aka sake shuka ciyawa a wasu wurare. A 2021 hukumar kula da gaɓar teku ta jihar ta yanke cewa a daina wasan motar nan da shekara uku. Masu motoci suka kai ƙara, kuma a 2023 alƙali ya ce hukumar ta wuce ikonta.

Masu motocin suna da tasu hujjar. Sun ce ko babu mota, iska tana ɗaukar ƙura daga tuddan yashi, kuma masu shaguna da masaukai suna samun ciniki daga baƙi. Mazauna tudun kuwa sun ce lafiyarsu ta fi wasa.

Abin da za mu koya

Idan za a auna illar wani abu, kada a duba guda ɗaya a tsaya. A tambaya: nawa ne gaba ɗaya? Tun yaushe ake yi? Wa iska ke kai wa? Wannan lissafin ya shafe mu ma. Janareta ɗaya a layi ba ya hana barci sosai, amma idan kowane gida ya tayar da nasa, ga injin niƙa, ga 'yan acaɓa, kowa ya san yadda abin yake.

Aikin gida

Ka samu farar takarda guda biyu ka shafa musu man shafawa kaɗan. Ka ajiye ɗaya a tagar da ke kallon hanya, ɗayar kuma a cikin ɗaki. Bayan kwana uku ka kwatanta su. Ka kawo wa ƙungiyarmu abin da ka gani, za mu liƙa shi a wannan allo mako mai zuwa in sha Allah.